Darasi na Bakwai: Hantar Ɗan Tsako da Furotin Masu Riƙe Kitse

Daga ranar da kaza ta hau kwanci zuwa ranar da za a ji kukan 'yan tsaki kwana 21 ne. A tsawon wannan lokaci ba abin da ke shiga ƙwai sai iska, ta dubban ƙananan ƙofofin jikin ɓawo waɗanda ido ba ya gani. Ba ruwa, ba ƙwayar hatsi. Ƙashi da tsoka da jini da gashi da idanu, duk daga abin da uwa ta zuba kafin ta saka ƙwan ake gina su, kuma daga nan ɗin ƙarfin yin ginin yake fitowa.

Matsakaicin ƙwan kazar gidan gona yakan kai giram 58 zuwa 60. Gwaiduwa ta ɗauki kusan kashi 30 cikin 100 na wannan nauyi. Rabinta ruwa ne, kusan sulusinta kuma kitse, wato giram 5 zuwa 6. Sukari da danginsa ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙwai ba. Saboda haka da kitse ɗan tsako ke rayuwa a cikin ɓawo: fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da yake amfani da shi daga kitsen gwaiduwa yake zuwa. Hikimar da ke ciki a fili take. Giram ɗaya na kitse yana ba da kalori 9, na sitaci kuwa 4 kawai, ga wuri ya yi kaɗan. Bayan haka, duk giram ɗaya na kitse da jiki ya ƙona yakan bar kusan giram ɗaya na ruwa, abin da ke rage wa ƙwan asarar ruwan da ke tashi ta ɓawo.

Ita gwaiduwar a hantar uwa ake haɗa kayanta. A jikin saniya da tunkiya, akasarin sabon kitse a cikin kitsen jiki ake yin sa. Kaza ba haka take ba. Hantarta ce ke yin kusan duka. Idan budurwar kaza ta kusa fara ƙwai, sinadarin istirojin yakan sa hanta ta duƙufa haɗa kitse da furotin na musamman, jini ya kwashe su zuwa mahaifar ƙwai, su taru su zama gwaiduwa. Matan da suka saba gyaran kaza sun san hantar mai ƙwai ta fi ta zakara girma da laushi da hasken launi. Dalilin ke nan.

Daga gwaiduwa zuwa hanta

A kwana na biyu na kwanci zuciya ta fara bugawa, kafin ƙarshen kwana na uku kuma hanta ta soma tohowa. A lokaci guda wani siririn tantani mai jijiyoyin jini yana shimfiɗuwa a kan gwaiduwa har ya lulluɓe ta. Jakar gwaiduwa ke nan. Idan kuka haska ƙwai da tocila a ɗaki mai duhu bayan kwana biyar zuwa bakwai, za ku ga jajayen jijiyoyi sun bazu daga wani ɗigo mai duhu. Wannan jaka ba ma'ajiya kawai ba ce. Ita ke haɗiyar ɗigon kitse, ta warware shi, ta sake ƙunshe shi cikin rigar furotin, sannan ta tura cikin jinin ɗan tsako.

A makonni biyun farko aikin a hankali yake tafiya. A makon ƙarshe ne ake kwasar kusan kashi 80 cikin 100 na duk kitsen da zai bar gwaiduwa kafin ƙyanƙyasa. Wani a ƙone shi, wani ya tafi ƙarƙashin fata a ajiye, wasu nau'o'i na musamman kuma su nufi ƙwaƙwalwa da idanu. Ragowar ƙunshin, wanda ke cike da kolestarol, hanta ke karɓe shi. Zuwa ranar ƙyanƙyasa, wannan ajiyayyen kolestarol ya haura kashi biyu cikin uku na dukan kitsen da ke cikinta. Shi da launin gwaiduwar da ke biyo kitse ne ke mayar da hantar rawaya.

Ku riƙe wannan da kyau. Hantar ɗan tsako mai kwana ɗaya ko biyu rawaya ce, kuma lafiyarta kalau. Cikin mako ɗaya zuwa biyu take rikiɗewa ta koma ja mai duhu irin ta babbar kaza. Akwai mai kiwon da zai buɗe mataccen tsako, ya ga rawayar hanta, hankalinsa ya tashi, ya ruga kanti ya sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta ya ɗura wa sauran. Kuɗi sun tafi, kuma ainihin abin da ya kashe tsakon, sanyi ne ko ƙishirwa ko ciwon cibiya, yana nan ba a taɓa shi ba.

Kitse a cikin gidan ruwa

Hanta tarin ƙananan ƙwayoyin halitta ce, kowace kewaye da tantaninta, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ke cikin kowace ruwa ne. Mai kuwa ba ya haɗuwa da ruwa. Kafin ƙwayar halitta ta yi amfani da kitse sai an yanka shi zuwa ƙananan guntaye dogaye, waɗanda ake kira asid ɗin kitse. Waɗannan guntaye suna da aibi biyu. Na farko, ba sa narkewa a ruwa, don haka ba za su iya kai kansu inda ake bukatarsu da sauri ba. Na biyu ya fi haɗari. Sabulu ba komai ba ne illa asid ɗin kitse da aka haɗa da ruwan toka ko soda. Tantanin ƙwayar halitta shi ma da kitse aka yi shi. Idan asid ɗin kitse ya taru a sake, zai iya ɓata tantanin yadda sabulu ke wanke maiƙo.

A cikin jini akwai babban furotin mai suna albumin da ke ɗaukar waɗannan guntaye. To a cikin ƙwayar halitta fa? A 1972 Robert Ockner da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka ba da rahoton wani ƙaramin furotin da ke kama asid ɗin kitse a hanji da hanta da tsokar zuciya da wasu sassan jiki. Masana na taƙaita sunansa da haruffa huɗu, FABP. Daga baya aka gane iyali ne guda: akwai na hanta, na hanji, na zuciya, na kitsen jiki, na ƙwaƙwalwa, kowane da ƙwayar gadonsa.

Ƙanana ne ƙwarai. Furotin sarƙa ce ta tubalan da ake kira amino asid. Albumin yana da kusan 600, su kuwa waɗannan wajen 130 kacal. Amma ƙirarsu abin kallo ce. Sarƙar takan lanƙwashe ta yi layuka goma da suka kewaya suka bar rami a tsakiya, da wasu gajerun murɗaɗɗun sassa biyu a baki. Ku ɗauke shi kamar ƙaramin tulu mai murfi: bayansa ya jitu da ruwa, cikinsa ya dace da kitse. Asid ɗin kitse ya shige ciki, murfi ya rufe, furotin ya yi yawo da shi cikin ruwan ƙwayar halitta ba tare da ya yi ɓarna ba.

Wuraren saukewa suna da yawa. Ana kai shi maitokondiriya, inda ake ƙona shi a samu ƙarfi. Ana kai shi sashen da ke gina sabon tantani da ƙunshe kitsen da za a fitar zuwa jini. Ana kai shi ɗigon ajiya. Har tsakiyar ƙwayar halitta ake kai shi, inda ƙwayoyin gado suke, ya zama saƙo cewa kitse ya yawaita, a ƙara ƙera kayan sarrafa shi. A hantar ɓera, inda aka fi yin awo, wannan furotin shi kaɗai yakan kai kashi 2 zuwa 5 cikin 100 na duk furotin da ke narke a ruwan ƙwayar halitta. Jiki ba ya kashe irin wannan ɗawainiya a kan abin da ba shi da muhimmanci.

Biyu ne a hantar kaza

Hantar mutum da ta saniya da ta ɓera suna da babban nau'i guda, wanda ake kira L-FABP. Ramin cikinsa ya fi na 'yan uwansa faɗi, har yana ɗaukar asid ɗin kitse biyu a lokaci ɗaya. Kaza tana da shi, a hanta da kuma hanji. Sai dai tana da na biyu.

A 1988 wasu masu bincike a Italiya suka ware wani furotin na wannan iyali daga hantar kaza, suka ga halinsa ya saɓa wa wanda aka sani. Tubalansa 125 ne, kuma a gwajin lantarki ɓangaren da yake karkata daban ne. Aka sa masa suna Lb-FABP. Sannu a hankali aka same shi a hantar kifi da kwaɗi da dangin ƙadangare, amma ba a samu a dabbobi masu shayarwa ba. Shekaru ana ɗaukar aikinsa ɗaya da na farkon, ko da yake asid ɗin kitse guda kawai yake riƙewa. A 2004 Hugo Monaco da ayarinsa a Jami'ar Berona suka fitar da cikakkiyar surarsa ta hanyar hasken eksire, suka nuna ramin nasa yana ɗaukar asid ɗin madaciya guda biyu, sun zauna daram. Daga nan da yawa suka koma kallonsa a matsayin mai ɗaukar kayan madaciya.

Wannan bai raba shi da zancen kitse ba. Madaciya, koren ruwan nan mai ɗaci da ake kaffa-kaffa kada ya fashe a kan nama, hanta ce ke yin ta daga kolestarol. Tana zuba cikin hanji ta farfasa man da ke cikin abinci ya zama ƙananan ɗigo, yadda sinadaran narkar da abinci za su iya cin sa. Kuma jiki ba ya zubar da ita. A ƙaramin hanji ake tsotse fiye da kashi 90 cikin 100, jini ya mayar hanta, a sake turawa, haka sau da yawa a yini. Madaciya ma tana da halin sabulu, don haka duk lokacin da za ta ratsa ƙwayar hanta tana bukatar mai riƙe ta.

Ranar da komai ke sauyawa

Mai hankali zai zaci waɗannan furotin sun fi yawa lokacin da ɗan tsako ke cikin ƙwai, tunda a nan kitse ne babban abincinsa. Binciken da Atsushi Murai da abokan aikinsa a Japan suka wallafa a 2009 ya nuna akasin haka. Sun auna saƙon da ƙwayoyin gado ke aikawa don a ƙera nau'o'in biyu, suka tarar kaɗan ne a hanta a tsawon zaman cikin ƙwai. Da aka zo gab da ƙyanƙyasa sai duka biyun suka yi tashin gwauron zabi. Sun kuma ga cewa a tsuntsayen da suka gwada, cin abinci ne babban abin da ke zaburar da Lb-FABP, alhali L-FABP kaɗan cin abinci ke motsa shi.

Idan muka duba aikin da ke gaban hanta a wannan lokaci, sakamakon ya zauna daidai. A cikin ƙwai, jakar gwaiduwa ce ke yin aikin warwarewa da ƙunshewa. Hanta galibi karɓa take tana ajiyewa. A kwana na 19 zuwa na 20 ake janye jakar da ragowar gwaiduwarta zuwa cikin ciki, cibiya ta rufe. Ɗan tsako ya huda ramin iskar da ke gefe mai faɗi na ƙwai, huhunsa ya fara aiki, sannan ya shiga saran ɓawo. A wannan fafutuka iskar oksijin ba ta wadatar a dogara ga kitse kaɗai, sai ya cinye ɗan sukarin da hanta da tsoka suka tara. Yana fitowa a jiƙe, a gajiye, ajiyar sukarinsa ta kusa ƙarewa.

Daga nan abincinsa ya juya daga kitse zuwa sitacin masara da gero. Hanta, wadda jiya ba ta haɗa kitse sai kaɗan, yanzu dole ta koyi mayar da rarar sitaci kitse ta fitar da shi. Dole ta kwashe tulin kolestarol ɗin da ta tara, wani ya zama madaciya, wani ya shiga ginin sabon tantani. Dole ta fara juya madaciya tsakaninta da hanji. Akwai ƙari. A jikin mutum, kitsen da hanji ya tsotsa yakan bi wata hanya ta daban ya shiga jini ba tare da ya fara biyawa ta hanta ba. A kaza kuwa, jijiyar da ta tashi daga hanji zuwa hanta yake bi kai tsaye. Duk waɗannan ayyuka cikin kwanaki ƙalilan suke saukar wa hantar da nauyinta bai fi giram ɗaya da 'yan kai ba.

Kayan aikin ba sa kammala a rana guda. Katongole da March, a Jami'ar Biritish Kolombiya ta Kanada, sun yi nazari a 1979 da 1980 kan furotin mai riƙe kitse na hanjin kaza da gishirin madaciya, da yadda suke shafar amfanin da 'yan tsaki masu shekaru daban-daban ke samu daga kitse. Abin da masana abincin kaji suka tabbatar shi ne, ɗan tsako a makon farko da na biyu ba ya narkar da kitse mai daskarewa, irin na shanu, yadda ya kamata. Man tsirrai mai ruwa-ruwa, kamar na waken soya, ya fi masa sauƙi. Bayan 'yan makonni bambancin yakan ragu.

Abin da ya rataya a wuyan mai kiwo

Ragowar gwaiduwar da ke cikin ɗan tsako, wadda sau da yawa ta haura kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa, ita ke ba shi damar yin kwana biyu zuwa uku ba ci ba sha. A kanta cinikin 'yan kwana ɗaya ya dogara. Da ita ake ɗauko kwalaye daga gidajen ƙyanƙyasa na Ibadan a kwana a hanya zuwa Kaduna da Kano da Sakkwato. Amma rashin mutuwa daban, rashin cutuwa daban. A cikin wannan gwaiduwa akwai garkuwar jiki da uwa ta ba shi, da kitse na musamman na ginin tantani. Idan yunwa ta tilasta, waɗannan ake ƙonawa don kawai a ci gaba da numfashi. Masu bincike Noy da Sklan sun nuna cewa tsakon da ya samu abinci da wuri ya fi wanda aka bari da yunwa saurin shanye gwaiduwarsa, hanjinsa kuma ya fi saurin girma. Ku kuma tuna ba lokaci ɗaya ake ƙyanƙyashewa ba. Tsakanin na farko da na ƙarshe a inji guda akan samu yini cur ko fiye, don haka wanda aka sayar muku a matsayin ɗan kwana ɗaya wataƙila ya kwana uku bai sa komai a baki ba.

Saboda haka kafin mota ta iso, a ce ɗaki ya yi ɗumi, digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas daidai inda 'yan tsakin za su tsaya, musamman da hunturu. Ruwa mai tsabta ya riga su isa, abinci kuma a baza shi a kan takarda ko faranti inda za su yi tuntuɓe da shi. Kada a ce sai sun huta zuwa gobe. Masu haɗa abinci da kansu su guji zuba kitsen shanu a na farawa da nufin saurin ƙiba, su kuma guji man da ya daɗe ya yi ɗan wari, domin yana lalata bitamin A da E.

Babban maƙiyin hantar tsako a ƙasarmu fumfuna ce. A 1960 talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila, aka bi sawu aka tarar da guba a cikin tunkuzar gyaɗar da aka shigo da ita daga Barazil. Gubar ita ce aflatoksin, wadda wata fumfuna ke fitarwa a gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba ko aka ajiye a wuri mai laima. Tana hana hanta ƙera furotin yadda ya kamata, ciki har da rigar da ake ƙunshe kitse da ita a fitar. Sai kitse ya maƙale, hanta ta kumbura, ta yi fari-fari, ta riƙa dagargajewa a hannu. Ɗabi'ar ware hatsin da ya lalace a ce na kaji ne tana jawo asarar da ta fi kuɗin hatsin nesa ba kusa ba. Dafawa ba ta kashe wannan guba. Idan uwa ce ta ci, wani abu daga ciki yakan shiga ƙwai ya rage ƙyanƙyasa.

Ƙarancin bitamin biyotin ma yana sa kitse ya taru a hanta da ƙoda, ya kashe kajin nama 'yan mako biyu zuwa biyar farat ɗaya. Wannan na cikin dalilan da ba a tsallake garin bitamin a haɗin abinci. Ƙa'idar ita ce: rawayar hanta a kwanakin farko halitta ce, hanta mai fari-fari, kumburarra, bayan mako biyu, ta likitan dabbobi ce, kuma a kai masa gawar da wuri kafin ta ɓaci.

Masu kajin gida su dubi uwa. Irin kitsen da kaza ta ci yana bayyana a gwaiduwarta, haka ma bitamin A da E da za su ƙare a hantar ɗanta. Kazar da ke samun ɗanyen ganye da gara da fara, da ɗan ƙarin hatsi mai kyau, ta fi wadda aka bar wa dusa zalla ba da ƙwan da zai ƙyanƙyashe da ƙarfi.

Aiki

Ku samo kwalabe biyu masu haske, ku zuba ruwa rabi da cokali ɗaya na man gyaɗa a kowace. A ɗaya ku matse madaciyar kazar da aka yanka. Ku girgiza su tare, ku ajiye minti goma, ku rubuta abin da kuka gani a kowace. Idan an samu hali, ku jera hantar zakara da ta kaza mai ƙwai, ku kwatanta girma da launi da tauri.

Sannan ku tattauna a aji: me ya sa asid ɗin kitse ke bukatar mai riƙe shi a cikin ƙwayar halitta? Waɗanne sababbin ayyuka ne ke hawa kan hanta bayan ƙyanƙyasa? Wata maƙwabciya ta karɓi 'yan tsaki hamsin jiya, biyu sun mutu da dare, ta buɗe su ta ga rawayar hanta. Waɗanne tambayoyi za ku yi mata kafin ta kashe ko naira ɗaya a kan magani?